Hatimin gidan wayar Moirang da barewar da ke kiwo a kan ruwa

Baban Hanifa:
Salamu alaikum jama'ar gida. Ga wani kati da ya shigo hannuna daga Indiya, ku buɗe hoton da kyau, ba kan sarkin nake so ku kalla ba, hatimin da aka buga masa nake nufi. Na gidan wayar wani gari ne Moirang, a jihar Manipur can arewa maso gabashin Indiya, jihar da ta yi iyaka da ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau. Maimakon zoben nan da muka saba gani mai sunan gari da kwanan wata kawai, su barewa suka zana a cikin nasu da ƙahonta da komai. Sunanta sangai, kuma duk faɗin duniyar nan babu inda take rayuwa a daji sai wuri ɗaya tak, gandun Keibul Lamjao da ke gefen tafkin Loktak kusa da garin. Kuma ba hatimin biki bane na kwana ɗaya a ajiye, na dindindin ne, duk ranar da kaje da wasiƙarka ka roƙa za a buga maka. Ni dai abin ya burgeni matuƙa, gari ya ɗauki dabbar da ta kusa ƙarewa ya maida ita sa hannunsa.

Abu Sadiq:
Wa alaikumus salam. Yayi kyau kam Baban Hanifa, amma dan Allah mutum nawa ne zasu ga wannan hatimin a shekara? Wa yake rubuta wasiƙa yanzu? In dabba na cikin hatsari kuɗi take buƙata da masu gadi, ba tawada ba.

Baba Mai Ritaya:
Abu Sadiq ɗana, bari in fara da aikin hatimin kansa kafin azo maganar amfani, don na shekara da shekaru ina bugashi a kanta. Asalin aikinsa kashe kan sarki ne, don kar wani ya ɓamɓare ya sake liƙawa. Tun farkon abin a Ingila a 1840 matsalar ta taso, kan sarkin farko baƙi ne ana kashe shi da jar tawada, sai mutane suka gano ana iya goge jar a sake amfani dashi, shine a 1841 aka juya abin, kan sarki ya koma ja tawada ta koma baƙa. Aiki na biyu shaida ne, ranar kaza wasiƙar nan ta bar gari kaza, har a kotu ana kafa hujja da wannan. Mu da safe kafin a buɗe taga sai ka zauna ka zare ƙarafunan kwanan wata da ɗan hantsaki ka jera na yau, ka goge bakin hatimin da tsumma da kananzir don tawadar jiya ta bushe a cikin haruffa, ka gwada a littafi oga ya duba ya sa hannu, sannan a fara aiki. To ka ga hatimi mai hoto ya fi wannan wahala nesa ba kusa ba, layukan zanen sirara ne, in tawada tayi yawa sai barewar ta fito dunƙule baƙi ƙirin, in tayi kaɗan ƙahon ya ɓace. Wanda ya buga na katin nan ya iya hannu, ku duba ƙafafun duk sun fito, kuma ya kama kusurwar kan sarkin kaɗai bai rufe fuskarsa ba.

Baban Hanifa:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ƙafafun nan na fara dubawa nima.

Maman Ilham:
Sannunku da hira. Abu Sadiq tambayarka tana kan hanya amma ka bari kaji yadda dabbar nan ta sha da ƙyar tukuna. A 1951 an riga an ce ta ƙare, an shafe ta daga lissafi. Sai a 1953 wani Bature mai nazarin namun daji E. P. Gee ya sake gano wasu 'yan kaɗan a Keibul Lamjao. Da aka ƙirga su ta jirgin sama a 1975, guda 14 aka gani. Goma sha huɗu fa jama'a, duk duniya. A 1977 aka maida wurin gandun ƙasa, faɗinsa murabba'in kilomita 40 ne kacal, kuma ƙidayar 2016 ta bada 260. An samu cigaba amma 260 ɗin nan duk jikokin waɗancan tsirarun ne, jini ɗaya ne yake ta zagayawa, ga macen ɗa ɗaya take haifa bayan ciki na wata takwas da wani abu, kunga ba dabbar da zata yawaita da wuri bace. Cuta ɗaya ko ambaliya ɗaya mai ƙarfi ta isa ta maida aikin shekara hamsin baya.

Sannan ba irin barewarmu ta nan bace fa, tamu ƙahonta na dindindin ne, ita wannan namijin ne kaɗai mai ƙaho kuma duk shekara yake zubar dashi wani ya fito. Reshe ɗaya yana fitowa ta gaba saman ido ya lanƙwaso, ya haɗu da babban da ya tafi baya su zama baka guda, shine abinda mai zanen hatimin ya kama daidai.

Ɗan Nguru:
Hajiya ni abinda ya ɗaure min kai shine taken da Baban Hanifa ya sa, wai kiwo a kan ruwa. Barewa ce ko agwagwa?

Maman Ilham:
A kan ruwa take da gaske Ɗan Nguru. Gandun ba tudu bane, ciyayi ne da saiwoyi da ruɓaɓɓen ganye da ƙasa suka cakuɗe shekara da shekaru suka zama wani abu mai kauri yana shawagi a saman tafkin, mutanen wurin suna ce masa phumdi. Wani wurin kaurinsa 'yan santimita ne wani wurin ya kai mita biyu, kuma mafi yawansa yana ƙarƙashin ruwa, ɗan kaɗan ne a sama. In ka taka sai ya lotsa ya taso kamar katifa. A kan wannan dabba mai nauyin kusan kilo 100 take tafiya, tana ɗaga ƙafa a hankali tana gwada wuri kafin ta sauke, shi yasa suke mata kirari da barewa mai rawa. A kansa take ci, a kansa take haihuwa, a cikin dogayen ciyayinsa take ɓuya. In phumdi ya lalace babu inda zata koma, don gefen gandun duk gonakin shinkafa ne da ƙauyuka da kududdufan kiwon kifi.

Abu Sadiq:
To ai nan nake so azo Hajiya, don na ɗan karanta akan tafkin nan. A 1983 aka gama madatsar Ithai saboda tashar lantarki ta Loktak mai megawat 105. Kafin madatsar, in rani yayi ruwa yana ja baya phumdi ya sauka ya zauna a ƙasan tafkin saiwoyinsa su sha taki daga laka, damina ta dawo ya sake tasowa da ƙarfinsa. Yanzu an riƙe ruwan a sama shekara gaba ɗaya don injin ya samu abin juyawa, phumdi baya taɓa ƙasa, sai sirancewa yake yana yagewa, wani wurin ma baya iya ɗaukar nauyin dabbar. Ga tudun da take gudu ta hau lokacin ambaliya ruwa ya cinye da yawa. An sa tafkin cikin jerin Ramsar na dausayoyi masu muhimmanci a duniya a 1990, shekara uku kacal bayan nan a 1993 aka maida shi jerin Montreux na wuraren da suke lalacewa. To gwamnatin da ta riƙe ruwan itace dai mai gidan wayar da ke buga hoton barewar. Hannun dama na zana ta hannun hagu na janye mata ƙasa, ni wannan ne yake min ciwo, ba wai ina ƙin hatimin bane.

Ɗan Nguru:
Wannan magana taka ta shigeni Abu Sadiq don mu a fadamar Haɗejiya zuwa Nguru mun san abinda ake nufi in aka ce ruwa ya daina zuwa da tafiya a lokacinsa. Tunda aka yi Tiga da Challawa ruwan ya zama yana kwance rani da damina a wasu wuraren, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa ta cinye gonaki da wurin su. Mutumin birni gani yake in ruwa ya cika ai alheri ne, bai san janyewar ma rabin rayuwar fadama bace.

Ɗalibi a Indiya:
Slm iyayena da yayyena. Ni ina karatu ne a kudu, nesa sosai da Manipur, amma akwai 'yan can a ajinmu kuma in kaji yadda suke maganar sangai zaka san ba dabba kawai suka ɗauke ta ba. Itace dabbar jihar a hukumance, babban bikin yawon buɗe idonsu da ake yi daga 21 zuwa 30 ga Nuwamba sunanta aka sa masa, akwai jarida ma mai sunanta, kuma a 2000 Indiya ta fitar da kan sarki mai hotonta. A tatsuniyoyin Moirang akwai labarin wani jarumin mafarauci da ya kamo ta da rai don ya kai wa masoyiyarsa, ya dawo ya tarar an aurar da ita ga sarki, sai ya saki barewar a Keibul Lamjao. Yaya Abu Sadiq ni a ganina wannan shine amsar tambayarka ta farko. Ba hatimin kaɗai bane, hatimin guda ne cikin abubuwa da yawa da suka sa yau mutumin Manipur zai ji kunya ace a zamaninsa ta ƙare. Dabbar da babu wanda ya san sunanta ai ko an shafe ta ba mai tambaya.

Abu Sadiq:
Ƙanina na yarda da rabin maganarka. Amma ka tambayi abokan naka labarin masuntan da suke zaune a bukkoki kan phumdi a cikin tafkin. A Nuwamban 2011 hukumar tafkin ta ƙona ɗaruruwan bukkokinsu da sunan tsaftace Loktak, bisa wata dokar 2006. Talakan da kakanninsa suka rayu da tafkin shi aka kora, madatsar tana nan daram. In son barewa zai zama sandar dukan masunci to akwai gyara.

Maman Ilham:
Gaskiya ne an yi hakan kuma zalunci ne a ganina, amma mu bambance, bukkokin nan a cikin babban tafkin suke ba cikin gandun barewar ba. Kuma mutanen ƙauyukan gefen gandun suma suna shiga yankan ciyawa da ganyen miya da kamun kifi don abinda zasu ci kenan, duk wanda zai ceci sangai dole ya zauna dasu a shirya, in ba haka ba aikin banza ne.

Jikan Soja:
Ku yi haƙuri in shigo da wani ɓangaren da ba a taɓo ba. Ni da naji sunan Moirang ba barewa ce ta faɗo min ba. A garin nan ne ranar 14 ga Afrilu 1944 Kanar Shaukat Ali Malik na rundunar Subhas Chandra Bose, wani jagoran neman 'yancin Indiya, ya kafa tutar Indiya, kuma har yau akwai gidan tarihi da mutum-mutumin Bose a wurin. Rundunar nan tare da sojan Japan suka shigo, da yawa cikinsu fursunonin yaƙi ne da Japan ta kama bayan faɗuwar Singafo a 1942. Kakana yana cikin waɗanda Turawa suka ɗiba daga nan aka kai Bama, har ya rasu in ana ruwan sama mai ƙarfi baya iya barci. Ni dai naji daɗi da barewar ce a hatimin nan na Baban Hanifa, don da tutar ce da sai naji wani iri, mutanen da suka tsaya gefen waɗanda suka harbi kakanninmu ne fa.

Ɗalibi a Indiya:
Allah ya jiƙan kaka Yaya. Amma su a nan jarumai ne na neman 'yanci, filin jirgin saman Kolkata ma sunan Bose ne dashi. Su gani suke Ingila ta mulke su kusan shekara ɗari biyu, duk wanda zai basu bindiga su kore ta zasu karɓa. Kuma shari'ar da Turawa suka yi wa hafsoshin rundunar a Delhi a ƙarshen 1945 ita ta ƙara tunzura ƙasar, ba a cika shekara biyu ba Turawa suka tattara.

Baba Mai Ritaya:
Jikan Soja, Allah ya gafarta wa kakanka da sauran mazan jiya. Namu ba a fagen Imphal, babban birnin Manipur, suka yi nasu yaƙin ba, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma can kudu aka kai su, kwarin Kaladan da yankin Arakan, wata birged kuma ta shiga cikin Chindit, dakarun musamman na Turawa a dajin Bama, shi yasa kake da barikin Chindit nan Zariya kusa da kai. Amma a Kaladan ɗin a 1944 sun yi arba da wata bataliyar mutanen Bose, don haka abinda kaji a ranka ba daga iska yake ba. Abin tausayin shine talakan Kano ko Katsina da talakan Punjab suka tsaya suna harbin juna a dajin da ba na kowa cikinsu ba, dukkansu a ƙarƙashin Bature ɗaya aka haife su. Ni ba zan zagi wanda ya nemi 'yancin ƙasarsa ba, ba kuma zan yarda a manta da namu ba.

Ɗan Zango Ankara:
Haka ne Baba, mu ma nan Gana hedikwatar soja Burma Camp ake ce mata har gobe, kuma tsofaffin zango da yawa sun je yaƙin nan, da Hausa ma ake basu umarni.

Jikan Soja:
Na gode Baba, maganarka ta sanyaya min rai. Amma ina nan kan bakata, tuta tana raba mutane, barewar kuwa ta kowa ce. Ku duba abinda ya faru a Manipur ɗin tun Mayun 2023 tsakanin ƙabilun Meitei da Kuki, an kashe mutane an ƙona gidaje dubbai sun koma sansani, kuma gundumar Bishnupur inda Moirang take tana bakin iyakar rikicin.

Hauwa Mai Kati:
Ni tambayata ta masu tarawa ce, ku gafarceni. Baban Hanifa ya ake samu? Ina da na Japan guda biyu masu jar tawada, ɗaya daga Nara shima da barewa, amma tasu ta Nara yawa ma tayi har cikin gari take bin mutane. Su Japan tun 1931 suke irin wannan hatimin kuma gidajen waya sama da dubu goma ne ke da nasu. Ina so in haɗa biyun a shafi ɗaya, wadda ta cika gari da wadda ta rage 'yan ɗaruruwa.

Baban Hanifa:
Hauwa hanyar ɗaya ce da ta ko'ina. Sai da kan sarkin Indiya, namu ba zai yi ba, don haka sai kin samu wani a can. Ya sayi kati ya liƙa kan sarki na kuɗin aikawa waje ya rubuta adireshinki, ya sa katin cikin wani ambulan da 'yar takarda yana roƙon shugaban gidan wayar ya buga masa hatimi mai hoto ba na yau da kullum ba, sai ya aika Moirang, lambar garin 795133. In kina so abin ya cika, ki nemi kati mai hoton sangai, kan sarkin sangai na 2000, hatimin sangai, uku su haɗu a fuska ɗaya, wannan shine wanda masu tarawa ke rububi. Indiya tana da irinsu da yawa, Kaziranga karkanda ne, Sasan Gir zaki.

Baba Mai Ritaya:
Ki ƙara da wannan 'yata, kar a sayi kati mai sheƙi, tawadar hatimi bata kama shi, kafin ya iso duk ta goge a jikin sauran wasiƙu. In dole sai mai sheƙin to a goga masa ɗan kilina a wurin da za a buga. Kuma a bar fili a gefen kan sarkin, kar a cika wurin da rubutu, ma'aikaci yana da layi a gabansa ba zai tsaya neman inda zai sauke hannu ba.

Ɗalibi a Indiya:
Anti Hauwa zan iya sayen katunan da kan sarkin a nan, duk mai so yayi min magana ta gefe. Sai dai a yi haƙuri da lokaci saboda halin da jihar take ciki.

Abu Sadiq:
Sa ni a ciki ƙanina, guda ɗaya, kar ace ina ta surutu ban sa hannu ba. Amma Hajiya Maman Ilham ina da sauran tambaya, tunda duk ƙwan a kwando ɗaya yake, me ya hana a raba su?

Maman Ilham:
An daɗe ana maganar, akwai shirin a buɗe musu gida na biyu a Pumlen Pat, wani tafkin ne a Manipur ɗin shima mai phumdi, kuma akwai wasu da ake kiwo a gidajen zoo na Indiya. Amma mutanen da ke kamun kifi da noma a Pumlen sun nuna basu yarda ba, tsoronsu kar a wayi gari ace wurin ya zama gandu a hana su shiga, kuma in ka tuna abinda ka faɗa na 2011 ba zaka ga laifinsu ba. Na zoo ɗin kuma daga 'yan ƙalilan aka samo su suma, sun saba da ƙasa mai tauri da abinci a kwano, sakinsu kan phumdi ba ƙaramin aiki bane. Ni abinda nafi so in gani kafin komai shine a riƙa sauke ruwan Ithai na wasu watanni a rani ko da lantarkin zai ragu, phumdi ya samu ya taɓa ƙasa.

Abu Sadiq:
To nan kam bakinmu ɗaya. Sai dai wanda zai je ya gaya wa mutanen Imphal za a rage musu wuta saboda ciyawa, shi nake tausayi.

Ɗan Nguru:
A rage ɗin, ai ba barewar kaɗai zata amfana ba. Kifin da ke hawowa daga kogin Bama yana shiga tafkin ya hayayyafa madatsar ta tare masa hanya, gonakin da ruwa ya shanye tun 1983 masu su na nan da ransu wasunsu. In aka tara masunta da manoma da masu son barewa wuri ɗaya ai sun fi masu injin yawa. Ɗalibi nima ka sa min guda biyu, ɗaya zan kai makarantar yaranmu in nuna musu.